Rumbun da Ya Ƙi Karɓar Bidiyo

"Lafiya lau, Jezde, sai dai ka tsufa a hanya. Da ka shigo na ɗauka direba ne ya kawo mana kakansa."

Burulca ke nan, ƙanwar matata, malamar kwamfuta a makarantar ƙauyensu da ke bayan At-Bashi. Jezde take ce min, wato mijin yaya, ni kuma in ce mata Baldiz, wato ƙanwar mata. Awa huɗu na yi a mota daga Narin, bayana kamar an daka. Kwamfuta goma sha takwas gare su, layin intanet ɗaya, data kuma a ƙayyade take duk wata. Shi ya sa bara na haɗa musu furoksi: abin da kwamfuta ɗaya ta sauko da shi ya ajiye kwafi, sauran su ɗiba a gida. Yanzu bidiyon darasi ya kusa cinye datar, ga 'yan ajin ƙarshe za su yi jarrabawar gwaji ta intanet ranar Alhamis. In ta ƙare kafin nan, babu jarrabawa.

"Ke dai kina nan yadda kike," na ce. "Rediyon da maɓallinsa ya karye. Ina mara lafiyar?"

"Yana ƙarƙashin tebur. Ka ce mana rumbu ne. Rumbun me? Hoto ya riƙe, rubutu ya riƙe, bidiyo kuwa kowane ɗalibi sai ya sake jawo shi tun daga Bishkek."

"Kun zuba masa shayi."

"Wa zai ɓata shayi a kan aikinka?"

Na ja kujera, na buɗe rajistar na'urar. Gaskiyarta. Bidiyo ɗaya, an sauko da shi sau goma sha takwas.

"Ya cika ne," na ce. "Kin loda masa hotunan samarin da suka gudu suka bar ki."

"Ni ai na yi sa'a, nawa sun gudu. Yayata ce nata ya ƙi tafiya."

Na duba. Ko kwata bai cika ba. Na duba agogonsa, ko ɗauke wuta ya rikita shi har yana ganin sabon fayil kamar tsoho. Daidai yake. Na duba ko masu bidiyon ne suka hana a ajiye. Ba su hana ba.

"Ka yi shiru, Jezde. Ilimin ne ya ƙare ko barci ne?"

"Matsa min daga haske, Baldiz. Kanki ya fi tagar girma."

"Cike yake, shi ya sa. Naka hular kalpak ce kawai ke riƙe da shi."

Na jera fayilolin daga ƙarami zuwa babba, nan abin ya fito fili. Duk abin da bai kai megabayit huɗu ba yana ciki, duk wanda ya haura an bar shi a waje. Haka na'urar take zuwa in ba a ɗaga mata iyaka ba.

"To ai na ɗaga," na ce. "Da hannuna. Wani ya taɓa."

"Wa? Maigadi? Shi da ke gaishe ta in zai wuce?"

Na buɗe takardar umarnin. Layin yana nan, megabayit ɗari tara, amma da alamar da ke sa na'ura ta tsallake shi. A ƙasa akwai ɗan rubutu. Na kai hannu in rufe, ta riga ni gani.

"Tsaya, tsaya!" Ta karanta da ƙarfi, kamar a gaban aji. "‘Toktosun, ka kunna wannan bayan cin abinci.’ Wane ne Toktosun, Jezde? Ka san shi?"

Na san shi, sunana ne, rubutun ma nawa ne. Ranar da na haɗa na'urar, hedimasta ya yanka rago. Dattawa sun wanke hannu, ba mai taɓa nama sai baƙo ya zauna. Aka ci beshbarmak, wato nama da taliya, aka sha romo, aka yi addu'a, aka sa ni a mota da cinya a leda.

"Ke kika ja min hannun riga," na ce. "Minti ɗaya na roƙa."

"Na ja ka zuwa tabarma. Ban ce ka yi shekara kana tauna ba."

Na goge alamar, na sake tayar da na'urar. Kwamfuta ta farko ta jawo bidiyon a hankali, kamar mai jan guga. Ta biyu kuwa kafin in ɗage yatsa ya buɗe.

"Shi ke nan," na ce, ina neman jakata. "Abin da ya rage zai kai ku Alhamis. Motar ƙarfe uku ba ta jira."

"Biyu ka gwada. Sha takwas ne."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, tana biye da ni tana ƙirgawa. Duk suka buɗe. Motar kuma ta tafi.

"Yanzu zaɓi," ta ce, ta ɗaga waya. "Ko ka zauna har a gama jarrabawa, ko in karanta wa Yaya wasiƙar Toktosun. Daga ita sai duk dangi."

Na dubi jakar, na dubi wayar. Na tura jakar ƙarƙashin tebur da ƙafa.

"Har Alhamis. Kin ci."

Ta yi dariya har da riƙe tebur, ta zaro kurut biyu, dunƙulen busasshen cuku, daga aljihu ta ajiye min kusa da linzamin kwamfuta.

"Ungo, sadaka. Ci a nan inda nake ganinka."