Awon Tsintsiya a Suk Libya

"...da gajiya, angona? Sannu da dawowa, maigidan da ke zuwa kasuwa da ƙafa biyu ya dawo da hannu biyu."

"Lafiya lau, amarya. Haƙoranki nawa suka wayi gari yau?"

"Uku. Kuma kowanne ya fi kanka aiki."

Sharfuddeen ke nan, jikana, ɗan 'yata marigayiya Zulaiha. Shekararsa ashirin da bakwai, ya yi karatun kwamfuta har aka ɗauke shi hoto da baƙar hula mai tuntu. Ni kuwa Barira ce, kakarsa, wadda ya ce zai aura tun yana yawo ba wando. Ran Litinin da la'asar ya shigo gidanmu da ke unguwar Hajj Yusuf, kwali a hammata, fuska kamar an aiko masa da sammaci.

Ga abin da ya same mu. Zulaiha ta bar keken surfani mai aiki da kwamfuta, tsohuwa, wadda akwatinta na ƙarfe yake kafe da ƙusoshi a ƙarƙashin teburin keken. Kafin ta rasu ta zana wani fure a ciki, ta ce na lafayar auren Karima ne, ƙanwar Sharfu, kada a ɗinka wa kowa. Ba wanda ya taɓa ganinsa a kan yadi. To aure ya zo, ran Juma'a. Sai wuta ta ɗauke ta dawo da haushi, ta ƙone babban allon da ke cikin akwatin. Sharfu yana ce masa mazabod, ni allo nake cewa, tunda falle ne. Keken kuma ba ya jin maganar kowace sabuwar kwamfuta, sai tasa ta da.

"Wannan na hammatarka na nawa ne?"

"Na biyu."

"Na farkon fa?"

"Sabo ne fil, ya habboba kakata, daga kasuwar Suk al-Arabi. Illarsa ɗaya, ba shi da faffaɗan bakin nan da wayar keken ke shiga."

"Wato ka auro kyakkyawa kurma. Na biyun fa?"

"Lambarsa daidai da ta wanda ya ƙone. Harafi da harafi! Amma ya ƙi zama. Ramukan ƙusa suna gabas, turakun akwatin suna yamma."

"Kama da wane ba ta wane, ɗan nan. Ina gawar tsohon? A ɗauka a je a gwada."

Sai ya hau sosa ƙeya.

"Na baro shi wurin mai gyara. Na ce ai na ɗauki lambar a waya. Da na koma ya ce masu sayen gwangwani sun wuce da shi."

"La'ilaha! Ka binne mamaci ka riƙe sunansa, yanzu kana yawo kana neman wanda zai sa rigarsa. Ƙaramin sani ƙuƙumi. Miƙo min tsintsiya."

"Sharar ilimina za ki yi?"

"Ai wannan hura shi ma ya isa."

Na durƙusa a ƙarƙashin teburin, gwiwoyina suna gaisawa da ƙarfi. Na leƙa cikin akwatin, ga 'yan turakun tagulla a tsaye inda allon yake kwanciya. Na zare tsinke, na aza daga turke zuwa turke, na karya daidai. Na zare wani na auna ta kwance. Na uku na auna daga kusurwa zuwa 'yar tagar baya, inda faffaɗan bakin zai leƙo. Sannan na kamo kan wayar wuta, na ƙirga haƙoransa, kowane haƙori na yi masa ƙulli a zare.

Sharfu ya riƙe ciki yana dariya.

"Wallahi sai na ɗauke ki a waya! Duniya tana zuwa wata, matata tana awon kwamfuta da tsintsiya."

"Ubana, Allah ya jiƙansa, mu tara ya haifa a gonakin Jazira. In salla ta matso sai ya jera mu, ya karya tsinke tara, ya tafi Wad Madani. Takalmi tara yake dawowa da su, ba wanda ya taɓa matse wani. Kai ɗaya aka aike ka, sau biyu, da wayar da ta fi tuwonka tsada."

"Ƙulli nawa kika samu?"

"Ashirin da huɗu."

"Kin ga wanda ya fi ki haƙora."

"Shi ya sa nake nema masa gida. Kai da talatin da biyunka wa ya neme ka?"

Washegari da sassafe muka kama hafila, motar haya. Na naɗe tsinkayena a bakin mayafi kamar zinariya. A Suk al-Arabi muka canja mota, don an ce masa in duniya ta yar da abu, Suk Libya ta Omdurman ce ke tsincewa. Muna kan gada yana ce wa kwandasta ya lallaɓa da ni, wai kayan tarihi ya ɗauko za a kai gidan ajiya.

Na ce wa kwandastan, "Kada ka kula shi, ya waladi, ɗana. Mijina ne. Haƙuri nake da shi saboda tsufana, ba don wani amfani ba."

Har direba sai da ya waiwayo.

Shagon da aka kwatanta mana yana can ƙuryar wani layi, bayan masu sayar da tsofaffin fanka. Mai shagon dattijo ne, Mahadi, mutumin Mai Wurno, Hausarsa rabi Larabci kamar ta jikokina. Da na sa kai ciki sai bakina ya mutu, abin da ba ya faruwa ko a wurin ta'aziyya. Alluna ne daga ƙasa har rufi, kore da shuɗi da ruwan ƙasa, a jere kamar littattafai. Mahadi ya ce wannan daga banki ya fito, wancan daga makaranta, wancan daga ofishin da aka rufe tun kafin a haifi Sharfu.

"Duk waɗannan sun taɓa yin tunani?"

"Kullu, dukansu, ya Hajja. Wasu ma har yanzu suna iyawa, mai tashinsu kawai suke jira."

"Subhanallahi."

"Amarya, rufe bakin, kada ƙuda ya ƙirga haƙoran."

Na ci gaba da kallon allunan. Sharfu ya karanto lambar daga waya. Mahadi ya lumshe ido, ya hau tsani, ya sauko da guda biyar.

"Lamba ɗaya ce duka," in ji shi. "Lakin an yi su kala-kala. Akwai na akwati mai tsayuwa, akwai na mai kwanciya, akwai na ɗan siriri. Ina tsohon?"

"Angona ya yi sadaka da shi."

Na ɗauki ɗaya na fita bakin ƙofa, na ɗaga shi a hasken rana don in ga ramukan. Jama'a! Sai ga Jazira a tafin hannuna. Ina 'yar shekara goma aka taɓa ɗora ni a saman motar auduga, na hango gonakin daga sama, sau ɗaya a rayuwata. Ga ta nan sak. Ga babbar tur'a mai kawo ruwa daga kogi, ga ƙananan magudanai suna ɓallewa daga jikinta a miƙe, ba wadda ta haye wata, kowace ta nufi gonarta. Ga 'yan baƙaƙen gidaje masu kusurwa huɗu, ga 'yan rumbuna a tsaitsaye. Layukan nan sun fi gashin jariri siranta.

"Sharfu, zo. Wannan layin me yake kaiwa?"

"Wuta."

"Daga ina?"

"Daga nan, ta rarrabu, kowane yanki ya samu gwargwadon abin da zai iya sha. In ta yi yawa..."

"Gona ta nutse. Haka ya faru da namu."

Ya dube ni, ya dubi allon.

"Haka ne fa. Wallahi haka ne."

"Wa ya haƙa waɗannan magudanan? Da wace fartanya?"

"Inji ne, da haske ake zana su. Kuma abin da kike gani saman ne kawai. A cikin kaurin nan akwai wasu hawa-hawa a kwance, gona a ƙarƙashin gona."

Na juya allon ta gefe. Bai kai kaurin wainar gero ba. Na yi shekara saba'in da 'yan kai ina cewa na ga duniya, ashe duniya tana ƙarƙashin teburin ɗinki a ɗakina, ina ta goge mata ƙura da tsumma.

"Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam. Ka ga, mutane ne suka yi wannan. Kai kuma aikenka aka yi kawai."

"Na san ba za ki daɗe a tsarkake ba."

Na kwance bakin mayafi. Mahadi ya leƙo ta saman tabarau.

"Wannan fa, ya Hajja? Magani ne?"

"Maganin jahilcin masu digiri."

Na aza tsinken farko a kan allo na ɗaya, ya wuce ramin da faɗin yatsa. Na ture. Allo na biyu ya gaza. Na uku ya ci awon tsaye da na kwance, har Sharfu ya fara murna.

"Halas, an gama! Shi ne!"

"Zauna, mai gaggawa. Haka ka auro biyun farko."

Na aza tsinke na uku, sai ga faffaɗan bakin ya kauce, da an kai shi gida bango zai kalla. Na huɗu kuwa na bi ramukan wayar wutarsa da zarena, ƙulli huɗu suka rasa mazauni. Saura ɗaya, mai ƙura, wanda gizo-gizo ya yi gida a fankarsa. In wannan ya ƙi, Karima za ta shiga ɗakin miji da lafayar kasuwa, furen uwarta kuma ya zauna a duhu.

Na yi bisimilla. Tsinken farko, baki da baki. Na biyu, baki da baki. Na uku ya tsaya cak a tsakiyar faffaɗan bakin. Zare kuwa, ashirin da huɗu cif.

Mahadi ya jawo 'yar rular ƙarfe ya bi bayana yana awo. Ya cire tabarau, ya goge, ya sake.

"Ya salam! Shekara talatin ina wannan aikin. Injiniyoyi suna zuwa da takardu su koma su dawo. Hajja, ko gashi ɗaya ba ki kuskure ba."

"Da tsohuwar zuma ake magani, Malam Mahadi."

"In ba lambata ba ai da duk shagon za ki auna," in ji Sharfu. "Sai Karima ta yi jika."

"Na yarda, lambarka ta kawo mu unguwar. Tsinkena ne ya san gidan."

Mahadi ya jona allon a wutarsa, fankar ta yi tari ta watso ƙura, ta kama juyawa. Ya naɗe mana shi a jarida da hannu biyu.

Bayan azahar muka iso gida. Karima tana tsakar gida hannu da ƙafa cikin lalle, ba halin tashi, sai ido. Sharfu ya kwanta a ƙarƙashin teburin, ni ina tsaye a kansa ina riƙe da fitilar waya.

"Haska nan, amarya, ba cikin hancina ba."

"Ina neman inda hankalinka ya faɗa ne."

Allon ya kwanta a kan turakunsa kamar can aka haife shi. Ƙusa ta farko ta shige, ta biyu ta shige, har ta ƙarshe, ba dannawa ba lanƙwasawa. Ya jona wayoyi, ya fito, ya goge hannu a wando, ya tsaya.

"Danna ke."

"Tsoro kake ji?"

"Ina ba ki girmanki ne."

Na danna. Akwatin ya yi ƙyas sau ɗaya. Gilashin kwamfutar ya yi baƙi, ya daɗe a baƙi har na fara karanta duk abin da ya zo bakina, sannan ya yi shuɗi. Sharfu ya laluba ya buɗe wani wuri da aka rubuta sunan Karima.

Furen auduga ne. Ba buɗaɗɗe ba, irin na safiya, wanda yake rawaya kafin rana ta mai da shi ja. Zulaiha ba ta taɓa taka Jazira ba. Ni na riƙa ba ta labarinsa tana ƙarama ina yi mata kitso, ashe ta riƙe har da 'yan jajayen ɗigon da ke gindinsa.

Aka shimfiɗa farar lafayar, aka ɗaure. Keken ya yi gyaran murya, allura ta sauka. Ba hannun kowa a kai, amma tana tafiya tana tsayawa, tana ɗan komawa baya ta ƙara zare a gefen ganye, yadda Zulaiha take yi in ba ta gamsu ba. Karima ta taso da lallen a ƙafa, ta ɓata min tabarma, na matsa mata wuri. Mu uku muna tsaye har fure na farko ya cika.

"Ango, me ya samu idonka?"

"Ƙurar Omdurman ce."

"Ƙurar ta iya zaɓen lokaci."

"Naki fa?"

"Nawa tsufa ne, kullum haka yake."

Ya ja hanci, ya yi dariya, sannan ya durƙusa a gabana har ƙasa, ƙato da shi.

"Na sallama, ya bashmuhandis. Daga yau in an kawo gyara, ke ce babban injiniya, ni ɗan riƙon fitila."

"Fitilar ma sai na gwada ka."

Na laluba lalitata na ciro goro ɗaya, fari, wanda na ɓoye wa ranar biki. Na ɓare shi biyu, na duba da kyau, na miƙa masa ƙaramin ɓarin.