Turin mota bisa girman muƙami

Jiya na kusa rasa takalmina a rafin da ke hanyar Birnin Tsaba. Mun taso daga Ƙaura da motar ofishinmu, akori-kura ɗaya tilo da muka samu a rabon kaya lokacin da aka ba mu sabuwar jiha. Takin zamani muka ɗauko wa manoma, geronsu ya fara yin ruwan ɗorawa suna jira. Muna shiga tsakiyar rafin motar ta kafe. Hadari kuma ya haɗu a gabas. In ruwa ya sauko daga sama, takin zai narke, kifaye su ci moriyarsa.

Mai Girma Uban Ofis, Allah ya ƙara masa faɗin kujera, yana zaune a gaba. Bai firgita ba. Ya sauke gilashi kaɗan, ya raba aiki.

"Kowa ya tura bisa muƙaminai. Manya su fara, ƙanana su jira."

Haka aka yi. Akanta ya je shi kaɗai ya dafa motar da yatsu, ya dawo. Magatakarda ya bi bayansa. Ni ma da layi ya zo kaina na yi nishi iyakar albashina. Ba wanda ya sha wahalar naɗe wando, tun da aka fara Shari'a duk wandunanmu sun ɗage da kansu. Motar dai ko gezau.

Muhtari direba ya leƙo. "Ranka ya daɗe, da za a rage nauyi..."

"Ba a sauke kayan gwamnati a hanya," in ji Mai Girma. Muhtari ba taki yake nufi ba, amma yana da iyali, sai ya koma kan sitiyarinsa.

Ba zan raina Mai Girma ba, manaja ne na gaske. Kowa ya san aikinsa, kowa ya yi, ba wanda ya shiga hurumin wani. Abin da na je ƙasar Turawa na karanto ke nan, kuma ban taɓa ganin an bi shi sak irin na jiya ba. Matsala ɗaya ce, ruwan ya kawo mana ƙwauri.

Sai Malam Jatau, mataimakinsa, ya tuɓe babbar riga ya ɗora kan buhu. Bai umarci kowa ba. Ya shiga inda taya ke watso taɓo, wurin da duk muke kaucewa, ya kafa kafaɗa.

"Akanta, taho nan kusa da ni, ka fi ni ƙarfi. Masinja, kai ka ba mu murya, in ka ce hoɓɓasa mu ɗaga."

Akanta, da ba a taɓa yaba masa komai ba sai rowa, ya shiga har gwiwa. Kunya ta kwashe sauranmu. Masinja ya daka wa manyansa tsawa, abin da ya daɗe yana mafarki. Motar ta yi tari ta haye.

Da yamma maƙwabciyata Hajiya Asabe ta gan ni da taɓo har kunne.

"Malam Bature, wanga shi ne aikin ofis ɗin?"

"Shugabanci muka koyo, Hajiya."

"To mi anka koya maka can ƙasar Turawa, shekara da shekaru?"

"Yadda ake raba aiki."

"Rabo kam kun iya," ta ce, ta rufe ƙofa.

Taki ya isa a bushe. Manoma suka yi ta sa albarka, Mai Girma ya karɓa ta taga a madadinmu. Ya kuma ja kunnen Jatau kan tuɓe riga gaban ƙananan ma'aikata.

Kada wani ya ce Mai Girma bai yi komai ba. Ya zauna daram, mun tura shi har tudu, yadda muke yi tun ranar da aka buɗe ofishin.