Yadda Na Tona Sirrin Yajin Inna da Harshe Uku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka miƙa min makirufo a Parakou ba. In na ce "aka miƙa min" ma na yi wa kaina gata, fizge shi na yi. Har yau in na ji rediyo ta ce za ta sada mu da wani zauren taro kai tsaye, sai in tashi in kama sharar tsakar gidan da na riga na share.

Sana'ata yaji. Ba ni na ƙirƙiro shi ba, na mahaifiyata ne, Inna, wadda ke zaune a Djougou, ita ma a wurin tata uwar ta gada. Da aure ya kawo ni Zongon Parakou sai na taho da sana'ar. Masu tsire da balangu suna saye, direbobin manyan motoci masu hawa Nijar suna saye, har matan ma'aikata na unguwar Ladjifarani suna aikowa a karɓar musu. Kwalbarmu jan marfi gare ta, da 'yar takarda mai hoton turmi, an rubuta "Yajin Inna". Ranar da zan baro gida Inna ta zaunar da ni ta ce, "Yadda ake haɗa yajin nan, ko mijinki kar ya ji." Na ce haba Inna, kamar ba ki san ni ba. Ta ce ai don ta san ni ɗin ne take faɗa. (Tana da gaskiya. Tun ina yarinya in aka yi baƙo a gidanmu, kafin ya sha ruwa unguwa ta ji sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi.)

Ban da haka akwai ƙullin Inna. Duk lokacin da zan yi sabon daka sai ta aiko min da wani gari mai duhu a ƙulle a leda, ta hannun direbobin Djougou, ta ce ta yi tofi a ciki, in barbaɗa a turmi don albarka. Ni dai ina zubawa saboda biyayya, amma a raina cewa nake tsofaffi da son al'ada, ai barkono da citta ne ke yin aikin.

Rigimar ta fara ne ranar da wani mai tsire da ya daɗe yana saye a wurina ya tare ni a hanya ya ce, "Hajiya, yajin nan naku ya canja, ko Inna ba ta da lafiya ne?" Ya nuna min kwalba. Jan marfi, hoton turmi, sunan Inna, amma wallahi ba daga hannuna ta fito ba. Na bi diddigi har unguwar Albarika, gidan wata mata da ake kira Maman Sadiya. Na yi mata magana da lalama, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita ma ai tana da inna, jan marfi kuma a kasuwa ake sayar wa kowa. Na koma gida ina huci. Na rantse sai na ƙwato wa uwata sunanta, ko da zan taka har Kwatano da ƙafa.

Ashe Kwatanon ne zai zo ya same ni. Rediyon garinmu ta yi sanarwa cewa ma'aikatan ofishin gwamnati mai rajistar sunayen kaya da sababbin ƙirƙire-ƙirƙire za su zo su wayar wa masu sana'a da kai, kowa na iya zuwa. Ranar na ɗauko leshina na zuwa biki, na cika jaka da kwalabe da kayan haɗi don shaida, na tare zemi, wato babur ɗin haya, na ce masa ya yi gudu kamar haihuwa za a kai ni.

Zauren ya cika maƙil. Ga teloli, ga mata masu sabulun man kaɗanya, ga masu cukun wagashi, ga wani maƙeri da ya jawo injin ɓare gyaɗa har cikin taro. A kan teburin gaba akwai wata madam mai tabarau, ita ce babbar baƙuwa daga Kwatano. Kusa da ita Malam Isufu ne, tafinta, yana juya Faransancinta zuwa Hausa da Dendi, in kuma ɗayanmu ya yi magana ya mayar mata. 'Yan rediyo sun kafa na'urarsu a gefe suna watsawa kai tsaye. Ina zama na ɗaga ido, wa zan gani a gabana kaɗan? Maman Sadiya, da jaka a cinya, jan marfi yana leƙowa.

Madam ta ce abubuwa biyu suka zo yi mana bayani. Na farko shi ne birebe, takardar da ake ba wanda ya ƙirƙiro sabon abu. Ta ce mai neman ta dole ya bayyana yadda ake haɗa abin dalla-dalla, kada ya ɓoye komai, sannan hukuma ta kare masa. Ta kuma ce wanda ya riga kawo nasa shi ne mai abu. Na biyun shi ne marki, kuma an ce ta yi dogon bayani mai kyau a kansa. Na ce "an ce" saboda ni ban ji ko kalma ɗaya ba. Tun daga "wanda ya riga" kunnena ya toshe, na zuba wa ƙeyar Maman Sadiya ido ina tsara abin da zan faɗa.

Kafin ku yi min dariya, ku tsaya ku ji inda na fito. Mu a wurinmu magana ba ta tabbata sai an faɗe ta a gaban mutane. In za a sayar da sa a kara, dillali ya ɗaga murya, shaidu su ji, a tafa, shi ke nan ciniki ya faɗa. In mace za ta gaji rumfar uwarta a kasuwa, gaban sarkin kasuwa da maƙwabta ake furtawa. Takarda daga baya take zuwa, in ma ta zo. To ga hukuma a zaune, ga shaidu cike da zaure, ga rediyo. A lissafina babu abin da ya rage sai wadda ta riga buɗe baki.

Aka ce lokacin tambaya ya yi. Hannun farko da ya tashi na Maman Sadiya ne. Ban san lokacin da na miƙe ba. Matar da ke zagayawa da makirufo ta zo giftawa ta kusa da ni, na yi wuf na karɓe shi daga hannunta.

"Salamu alaikum. Ina son hukuma ta shaida, jama'a su shaida, ni na riga!"

Daga nan na fara. Na faɗi irin ƙuli-ƙulin da ake sa wa da yadda ake tsane masa mai. Na faɗi barkono, na faɗi masoro da kanumfari, na faɗi yadda ake jiƙa citta a ruwan lemon tsami a shanya ta a inuwa ba a rana ba. Na faɗi awo da gwangwanin tumatir. Na faɗi abin da ke fara shiga turmi da abin da ke shiga ƙarshe. Malam Isufu, bawan Allah mai riƙon amana, yana bin bayana jimla-jimla, ya mayar Faransanci, ya sake mayarwa Dendi. Da ya rasa sunan kimba a Faransanci sai na zaro ta daga jaka na ɗaga sama kowa ya gani.

Madam ta ɗaga hannu tana cewa, "Madam, atande, atande," wato in dakata. Na ɗauka so take ta katse ni ta ba abokiyar gabata dama. Na ce, "Ban gama ba, madam, ke da bakinki kika ce kar a ɓoye komai." Na hango mata suna rubutu a bayan takardun taro, wasu sun ɗaga waya suna naɗa. Daɗi ya kama ni, na ce a raina yauwa, shaidu sun kama aiki. (Har rage gudu na yi don kar in bar masu rubutu a baya.)

Da na gama na ce, "Bwala," wato shi ke nan. Na tsaya ina jiran tafi.

Ba wanda ya tafa, ƙarar fanka kawai ake ji. Madam ta cire tabarau ta ajiye, ta yi magana a hankali. Malam Isufu bai yarda ya haɗa ido da ni ba, ƙasa yake kallo yana fassarawa.

"Hajiya, madam ta ce abin da kike buƙata marki ne, wato sunan da hoton turmin da kamannin kwalbar. Shi marki ba a tambayar ki me ke cikin kwalba. Ta ce haɗin gado irin wannan, abin da ke kare shi shi ne mai shi ta yi shiru. Ko bireben ma a rubuce ake kai shi ofis, ba a zaure ake faɗa ba. Ta ce ta yi ƙoƙarin tsayar da ke."

Can daga baya wani ya ɗaga murya, "Hajiya, citta gwangwani nawa kika ce?" Zaure ya fashe da dariya. Aka zare makirufon daga hannuna aka kai wa Maman Sadiya. Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Ni dama so nake a ɗan juyo mana da fanka, zafi ya dame mu a nan. Amma mun gode ƙwarai."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Zuciyata ta ce in kwashi jakata in gudu, amma na tuna na yi rantsuwa, kuma abin da ya zube ya riga ya zube, sunan ne kaɗai ya rage a hannuna. Na koma na zauna, gumi yana bin bayana, har aka tashi. Na bi layi zuwa teburin madam ana nuna ni da baki. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kuraj, madam," wato in daure, sannan ta sake yi min bayanin marki tun daga farko, ta gaya min abin da zan tanada da inda zan kai. Wannan karon ko tari ban yi ba sai da ta gama.

Ina fitowa waya ta yi ƙara. Inna ce. (Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana.) Ta ce, "Ke. Na ji ki, muryarki ta fita tas. Ki zo."

A motar Djougou ba a yi wata hira ba sai ta matar rediyo. Direba ya ce shi tausayin mijinta yake ji. Wata da ke gefena ta ce ita har ta sayi kimba, ta tambaye ni ko na ji shirin. Na ja mayafi na rufe rabin fuska na ce rediyona ba ta da batir.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗe. Na durƙusa, kuka ya ƙwace min, na ce Inna na kashe miki sana'a, na watsar da abin da uwarki ta bar miki. Ba ta daina tankaɗen ba. Ta ce, "Kimbar ba sai ta yi baƙi ake sauke ta daga wuta ba, kin faɗa wa duk ƙasar Bénin ba daidai ba." Na ɗago ina kallon ta. Ta ce, "Ƙullin da nake aiko miki, me ke ciki?"

Na ce, "Tofi."

Ta ce, "Tofi na ciki. Amma kin taɓa ganin tofi mai launi? Abin da kika karanta a rediyo rabin matan Djougou sun san shi. Yajin yana cikin ƙullin. Ni ma sai da na fara furfura tawa uwar ta faɗa min."

Sanyi ya ratsa ni, sannan wata kunyar ta taso wadda ta fi ta zaure nauyi. Mace da 'ya'yana manya, shekara da shekaru ina taƙama ina riƙe da sirri, ashe uwata ta auna bakina tun tuni ta ba ni abin da ba za a yi asara ba in ya zube. Abin haushin kuma, awonta ya yi daidai. Na ce, "To yaushe za ki faɗa min?" Ta ce, "Ranar da na ga magana ta kwana a cikinki ta tashi lafiya."

Na koma Parakou na sa markin a gaba. Na yi zirga-zirga, an dawo min da hoton turmi an ce bai fita ba, na sake, na jira har na gaji da jira, amma takardar ta fito da sunan Inna. Maman Sadiya ta koma marfi ruwan ɗorawa da wani suna, tana daka haɗin da na koya mata kyauta. Masu tsire sun ɗanɗana sun ce ba laifi, suka dawo wurina.

Inna kuma ta kafa min tata jarrabawar. Ta gaya min ƙanina zai sayi motar ɗaukar shanu, ta ce kar kowa ya ji. Allah kaɗai ya san wahalar da na sha. Na je suna, na je biki, na zauna da matarsa muna tsinke zogale, maganar tana zuwa min har maƙogwaro ina mayar da ita da ruwa. Sai da motar ta tsaya a ƙofar gida na yi numfashi.

Zuwana Djougou na bayan nan, Inna ta ɗaga taɓarya na ga hannunta yana rawa, ta mayar ta jingine. Ta kira ni ɗaki ta sa na tura ƙofa. Ta ce, "Ba wai na gama yarda da bakin nan naki ba ne, hannuna ne ya gaji." Ta jawo kaina ta raɗa min a kunne. Na yi kuka, ita kuma ta ce in tashi in ɗauko turmi, kuka ba ya daka.

Abin da na koya dai shi ne, in hukuma ta ce abu biyu ta zo faɗa, a daure a ji na biyun kafin a nemi makirufo. Abin da ke cikin ƙullin kuwa, na ga kun gyara zama. Jan marfi ne, da hoton turmi, yana nan a Zongo, ku zo ku saya.