Ranar Da Na Yi Wa Kwamfutar Hajiya Ta'aziyya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar ta tsakiyar damina, ranar da na yi wa kwamfuta ta'aziyya alhali tana da ranta.

Ni malamin adabi ne a wata sakandare. Duk tarihina a harkar gyara bai wuce abu ɗaya ba: kwamfutar ofishin jarrabawa ta taɓa daskarewa, na kashe ta na kunna, ta tashi. Tun ranar abokan aiki suka laƙaba mini Injiniya, ni kuma ban musa ba (wa aka taɓa naɗa wa rawani ya ce kansa na ciwo?).

Rannan sai Madam Rifkatu, malamar lissafi, ta ce in taimaka wa tsohuwar shugabar makarantarsu ta da, Hajiya Binta, da ke Nassarawa GRA. Kwamfutar mijinta marigayi ce ta ƙi tashi. A cikinta akwai muryarsa, don a shekararsa ta ƙarshe ya riƙa zama yana naɗar tarihin gidansu saboda jikoki, kuma babu kwafi a ko'ina.

Na isa bayan an ɗauke ruwa. Unguwar shiru, manyan itatuwa sun haɗe kai a saman titi, ganye na ɗiga a hankali kamar ba sa son su gama. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ɗebe ni. Kafin in kai ƙofar gidan har na buɗe ofis a zuciyata, mai gilashi, na rataya allo da sunana, manyan mutane na layi da kwamfutocinsu a rungume kamar iyaye a asibitin yara.

Hajiya ta kai ni ɗakin karatun marigayi. Fitila a kunne, fanka na juyawa, littattafai har rufi.

"Tun da na dawo daga Umara take yi mini haka, ɗan nan," in ji ta. "Wata rana ta tashi, wata rana ta ƙi. Jiya da yau ko tari ba ta yi ba."

Na gyaɗa kai irin na likita. Na duba waya, tana jone a bango. Na danna maɓalli, shiru. Na sake dannawa da ƙarfi (kamar ƙarfi ne ya yi mata ƙaranci), shiru. Sai na zaro sukudireba.

Duk abin da na taɓa gani a bidiyon masu gyara sai da na aikata. Na ciro wani dogon koren allo na goge bakinsa da robar goge fensir. Na ɓamɓaro ɗan batirin nan mai kama da kwandala, na hura shi, na mayar. Na zare wayoyi ja da baƙi da rawaya. Cikin sa'a guda tebur ya koma kamar na mahauci. Daga ƙarshe na ciro ma'ajiyar bayanan, wato akwatin ƙarfen da muryar ke ciki, na kara a kunne, na ɗan girgiza. Me nake sa ran ji? Har yau ban sani ba.

Da ban ji komai ba, sai na cire tabarau, na sassauta murya.

"Hajiya, sai haƙuri. Kowane mai rai da wa'adinsa, haka ma na'ura. Ta cika."

Ta zauna a hankali. Ta kalli taga, inda ruwa ke zuba daga ganyen mangwaro.

"Duk Juma'a bayan la'asar nake sauraronsa," ta ce. "Ashe sau biyu zan rasa shi."

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, sai na ji baiwar adabi ta motsa. Na kawo mata zancen ƙarewar duniya, na haɗa da karin magana biyu. Ina laluben na uku ne mai gadinta, Baba Sale, wani dattijo mutumin Jigawa, ya yi sallama a bakin ƙofa.

"Hajiya, sun kawo wuta. In kunna injin ruwa?"

Bai rufe baki ba firintar da ke gefena, wadda ke jone a soket ɗaya da kwamfutar, ta yi ƙara ta farka, tana lumshe koren ido.

"Sun kawo?" in ji ni. "Ai ga fitila, ga fanka tun ɗazu."

"Wannan ta sola ce, Malam, mai hasken rana. Yaran Hajiya suka sa tana Makka. Fitilu da fankoki da firji kaɗai aka ɗora mata, ban da ramukan bangon ɗakin nan. Kwana biyu ke nan babu wuta a layinmu." Ya leƙo tebur. "Subhanallahi. Haɗari ta yi?"

Da can ƙarar janareta ke gaya wa Hajiya an ɗauke wuta. Yanzu gida shiru, haske ba ya yankewa, ita ba ta sani ba, Injiniya kuma bai tambaya ba.

Na so ƙasa ta tsage, amma tayil ɗin GRA ba ya tsagewa. Ga shi ban san yadda zan mayar da abin da na wargaza ba. Hajiya ta share ido, ta jawo kujera kusa da ni, tsohuwar shugabar makaranta ta dawo.

"Koren nan, daga can ka cire shi. A'a, juya shi. Baba Sale, haska masa. Nutsu, Malam Injiniya, ba jarrabawa ba ce."

Sai da muka kusa la'asar kafin muka gama haɗa ta. Sukurori biyu suka yi saura, na tura su aljihu. Na danna maɓalli da bisimilla, allo ya yi haske. Ta buɗe fayil na farko, sai ga muryar wani dattijo ta cika ɗakin, a natse:

"To, bisimilla. Binta, rage rediyon nan mana, ina ɗauka."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Baba Sale ya sunkuyar da kai yana addu'a. Ni dai na tsaya kamar ɗalibin da aka manta a gaban aji.

Kafin in tafi ta sa aka kira mai gyara na gaske, ya zo Litinin ya kwafe muryar a wurare uku. Ni kuma ta sallame ni da dambun nama, ta ce, "Ka gaida Rifkatu. Ka ce mata mamaciyar ta gode da wa'azi."

Darasin da na ɗauka ɗan kaɗan ne: kafin ka sanar da rasuwa a gidan mutane, fara tsayawa a bakin ƙofa ka gaisa da mai gadi.