Jarumin da Na Ce Ni Ne

A shekarar da nake neman auren Hauwa, na yanke cewa turare da atamfa kyautar kowa ce. Ni littafi zan kai mata garinsu Rogo.

Ƙanwata Rabi ta nuna mini abin da matan zaurensu na WhatsApp suka rubuta kan wani sabon littafi. Wata ta ce, "Allah ya isa tsakanina da Nasiru." Wata fuskokin kuka kawai ta jera. Na yi murmushi, domin na ji wani malamin jami'a a rediyo yana cewa Nasirun littafin jarumi ne mai zurfi, wanda aka gina da gwaninta. Ina matan waya, ina mai digiri? Na sayi littafin, ban ko buɗe shi ba. Na hau babur daga Karaye ina hango hawayenta na farin ciki.

A soron gidansu na miƙa mata da hannu biyu, na sassauta murya. "Duk inda kika ga Nasiru, ni kike gani."

Ashe a babin ƙarshe, ana gab da biki, Nasiru ƙawar amarya ya aura.

Hauwa ta daina ɗaukar wayata. Sai da kawuna ya je da kansa ya ba da haƙuri, ya ce maganar malamin rediyo na bi, mahaifinta yana danne dariya yana tambaya ko malamin rediyon ma yana tafe.

An dai ɗaura auren. Amma har yau, da ƙawarta ta yi sallama, Hauwa za ta leƙo ɗaki ta ce, "Nasiru, zauna inda kake."