'Yan Rakiyar Barira

Duk wanda ya san dangin su Barira ya san ba sa barin mutum ya yi tafiya shi kaɗai. Ko ɗinki za ka kai wa tela sai an samu mai riƙe maka leda. Saboda haka da aka kira ta intabiyu a babban asibitin birni, inda ake ɗaukar sababbin ma'aikatan jinya don horon shekara guda, sai ta ƙudura ba wanda zai ji. Mahaifiyarta kaɗai ta faɗa wa, ita ma sai da ta haɗa ta da Allah. Mahaifiyar kuwa ta riƙe amana, ba ta faɗa wa kowa ba sai Goggo Lanti, ƙanwar baban Barira. Faɗa wa Goggo Lanti magana kuma daidai yake da biyan mai shela.

Da safe Barira ta fito da farin hijabinta a goge, ta tarar da bas a ƙofar gida, cike da 'yan uwa har da na goye. Ga tabarmi a naɗe, ga kuloli, ga buta. Ta yi magiya a bar ta ta tafi ita kaɗai, kamar za ta yi kuka. Goggo ta ce ai abin kunya ne a ce 'yarsu ta fari da ta gama makarantar jinya ta shiga birni kamar marainiya, ta matsa mata wuri kusa da taga. Haka aka tafi, ana ta yi mata addu'a, ita kuma tana tsoron abin da zai biyo baya.

Tsoronta yana da dalili. Gurabe kaɗan ne, masu nema kuwa sun cika farfajiya. In ta rasa wannan, sai ta koma gida ta ƙara shekara tana auna wa tsofaffin unguwa hawan jini ana biyanta da “Allah ya yi albarka”. Ga shi kuma shugabar masu intabiyun ita ce Matiron Hajiya Kubura, wadda ba abin da ta tsana a duniya kamar 'yan dubiya. An ce ko ƙuda ya shiga ɗakin majinyata bayan lokacin ziyara sai ya yi mata bayani.

A bakin get Barira ta roƙi Goggo da su zauna cikin mota, Goggo ta ce to. Irin “to” ɗin nan da ba ya nufin komai.

Da farko abin ya tafi daidai. Aka tambaye ta alamomin ƙarancin ruwa a jikin jariri, ta zayyano su tiryan-tiryan. Aka tambaye ta yadda ake juya majinyacin da ya daɗe a kwance, ta amsa har wani likita mai furfura ya gyaɗa kai. Daga nan Matiron ta sauke tabarau, ta kawo tambayar da kowa ya san ita ce tata ta ƙashin kanta: lokacin dubiya ya ƙare, dangin majinyaci sun cika ɗaki sun ƙi tashi, ya za ta yi?

Barira ta gyara zama, don nan fagenta ne. Ta ce ba a yi wa taro tsawa. Babban cikinsu ake nema, a rusuna a gaishe shi, a gode masa da zumunci, a ce mara lafiya yana bukatar barci. Da ya miƙe sauran za su bi shi, a bar mai jinya ɗaya. Matiron ta ɗan saki fuska, abin da ma'aikatanta ke rantsuwa ba su taɓa gani ba. Zuciyar Barira ta fara sanyi.

A daidai nan aka turo ƙofa da sallama. Goggo Lanti ce, da ƙwaryar fura an rufe da faifai. Ta durƙusa ta gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi iyali da gajiya, ta ajiye furar a kan takardun likita mai furfura.

“Ga amana nan mun kawo muku,” in ji ta. “Yarinya ce mai haƙuri, sai dai ba ta son jini.”

Barira ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Rabonta da tsoron jini tun tana firamare, amma a wurin Goggo yaro ba ya girma.

Matiron ta tashi ta leƙa baranda. Tabarmi sun rufe hanya daga ƙofar ofis har kwanar ɗakin magani. An buɗe kuloli, ƙamshin ɗanwake ya kori warin asibiti. Wani kawun Barira ya tare likitan da ke wucewa, ya naɗe wando yana nuna masa gwiwa. Maigadin da aka aiko ya tashe su yana zaune a gefe da kwano a hannu.

Ta dawo ta zauna, ta mai da tabarau, ta dubi Barira tun daga sama har ƙasa.

“Waɗancan naki ne?”

“Nawa ne, Hajiya.”

“Yanzu kika gama koya mana yadda ake tashin taro. Ke da kika kasa sallamar naki, na wa za ki sallama? Ba ni dalili ɗaya da zai sa in ɗauke ki.”

Barira ta dubi furar, ta dubi ƙofa, ta ga ba sauran abin ɓoyewa. Ta rusunar da kai cikin ladabi.

“Hajiya, waɗannan 'yan rakiya ne kawai, kina cewa na samu za su naɗe tabarmi. Masu zuwa ba ki haƙuri suna can gida suna jiran sakamako, su kuma da kayan kwana suke zuwa.”