Cindo da Gwangwanin Fenti Biyu

A ƙauyenmu akwai wani bawan Allah, Cindo, wanda in ka ce masa tsaya nan, to sai ka dawo ka ɗaga shi. Yana zaune da uwarsa Iya Dije. Matarsa Lantana kuwa ta tafi wankan jego gidansu, ta aiko cewa ba za ta dawo da jariri ɗakin da hayaƙi ya cinye ba sai an yi fenti. Cindo ya ruga kasuwa baki har kunne, ya sayo fenti gwangwani biyu, ruwan madara da shuɗi mai duhu.

Wata rana mai fenti ya ce masa, "Ka fara gwadawa inda ido ba ya kaiwa." Cindo ya shafe gindin tukunyar Iya tas. Da aka ɗora ta a wuta, wari ya kori har kaji, aka yini ba tuwo.

Wata rana Iya ta ce, "Kai, launi ai sai a hasken rana ake ganinsa." Kafin ta dawo daga unguwa ya kwance kwanon rufin ɗakin, yana ihu, "Iya, zo ki ga haske!" Da la'asar hadari ya taso, katifa ta sha ruwa.

Wata rana gardama ta kaure. Iya ta ce shuɗi, don yana ɓoye dauɗa. Lantana ta aiko cewa madara ko ta ci gaba da zamanta. Cindo ya je wa mai unguwa kamar zai yi kuka.

Mai unguwa ya ce, "Uwa ce da mata, raba musu, kowa rabi."

Cindo ya dawo yana tsalle. Iya kullum tana zaune a tabarma, sai ya ba ta ƙasan bango. Lantana doguwa ce, ya ba ta sama. Ya shafa shuɗi a ƙasa, madara a sama. Mu kam dariya har da riƙe ciki.

Lantana ta iso da goyo, fuska a murtuke. Ta dubi sama, ɗaki fes. Ta dubi ƙasa, ta ce, "In yaron nan ya fara rarrafe, ai hannunsa ba zai wuce shuɗin ba." Ta kwance goyo ta zauna.

Kafin damina ta wuce, mu masu dariyar muna layi a ƙofar Cindo, muna roƙon ya zo ya raba mana bango.